Igiya a Ƙafar Fatu

Malam Abatcha da matarsa Ya Kura mutanen gabas ne da zama ya kawo su Gwiwa. Da damina ya yi noma, da rani ya kasa kanwa a kasuwa. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai gaya musu abin da ke damun 'yarsu Fatu.

Fatu ba ta iya zama wuri ɗaya. A aike ta sayen gishiri, sai a tsince ta a tasha tana kallon masu lodi. A bar mata tukunya, sai ƙauri ya tuna mata. In an yi mata faɗa takan yi kuka da gaske, ta yi alkawari, kafin la'asar ta manta.

Shekarar da aka buɗe firamare kyauta aka sa ta aji ɗaya. Ba a daɗe ba malamin ya koro ta, wai tana hana yara karatu. Mamuda, yayan Abatcha, ya ce sangarta ce kawai, maganinta turke, yadda ake yi wa akuya mai ɓarna. Ya Kura ba ta so ba, amma ta yi shiru don kunyar babba.

Aka riƙa ɗaure ƙafar Fatu da igiyar rama a gindin darbejiya. Ba ta zauna ba. Ta ja, ta zagaya, ta sake ja, igiya tana cin idon sawunta. Ran nan uwar ta kai mata ruwa, sai Fatu ta ce, "Inna, ƙafata kuka ɗaure. Kaina yana can yana yawo, ni ma ba ya jin maganata."

Inda igiyar ta ci ya zama gyambo, gyambon ya ruɓe. Kafin a kai ta asibiti a Kazaure ya riga ya ci jijiya. An ceci ƙafar, amma likita ya ce ɗingishin ya zauna ke nan.

Da suka dawo gida, Mamuda ya zo dubiya. Ya jajanta, sannan ya ce ko ba komai yanzu za ta nutsu, in kuwa ta ƙi, a koma ɗaure ta a kugu. Ya Kura ta miƙe, ta kwance igiyar daga jikin bishiya, ta cusa ta a murhu a gabansa.

"Yaya, ku yi haƙuri," in ji ta. "Na yi shiru sau ɗaya, ga abin da ya haifar. Duk mai son ɗaure yarinyar nan, ya fara da ni."

Mamuda ya dubi ƙanensa. Abatcha ya sunkuyar da kai, bai tsawata wa matarsa ba.

Daga ranar Ya Kura ta bi 'yarta yadda take. Ta lura in hannun Fatu yana ɓarar gyaɗa, ba abin da ke wuce kunnenta. Aike kuwa sai guda ɗaya, ta maimaita shi da bakinta kafin ta fita. Ya Kura ta yi ta sintiri wurin hedimasta har ya gaji ya yarda: Fatu ta koma aji, ta zauna a gaba da kabar saƙa a hannu, ita ce mai share allo. Maƙwabta suka ce uwar tana ƙara lalata ta. Ta ce ta ji, kuma gobe ma haka za ta yi.

Mantuwa ba ta bar Fatu ba, wani lokaci tuwo yakan ƙone. Amma ta gama firamare da ɗingishinta.

Iyaye da malamai, akwai yaran da haka aka halicce su, hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma a yau likitoci sun san wannan lalura. Duka da ɗauri ba sa gyara ta, sai dai su bar tabo. A nemi shawarar asibiti, a yi haƙuri, a sauƙaƙa musu hanya.

Fatu dai ta gane abu ɗaya tun tana ƙarama: ita ba muguwar yarinya ba ce, kuma ba wanda ke da ikon sake ɗaure ta.