Maficin Mardiya

Mardiya ta ɗaga maficinta zuwa haɓa, Mas'ud ya kalle ta ya sunkuyar da kai. Mutawakkil yana tsakiyar baiti, amma ya gani, saura kaɗan waƙar ta sarƙe shi don haushi.

Mutawakkil mawaƙin biki ne, daga Dutsin-Ma har Kurfi babu amaryar da ba ta son ya ambaci sunanta. Mardiya ce ke yi masa amshi, an ma sa musu rana, bayan sallah za a ɗaura. Mas'ud kuwa shi ne mai sauti, mai sifiku da janareto da miksa ta daidaita sauti, kuma kowa ya san in ba da kayansa ba, murya kamar daga cikin tulu take fita.

Da can Mas'ud mutumin kirki ne, a wasan da suka yi a garin Shema ya lalace. Ranar Mutawakkil ya yi ta cewa a ƙara sauti, a ƙara, har babbar sifika ta yi bindiga, Mas'ud na durƙushe a gabanta yana gyara waya. Mardiya ce ta raka shi kemis. A lissafin Mutawakkil, daga rakiyar nan komai ya fara.

Girman kai ya shigi mutumin. Ka kira wayarsa ya ƙi ɗauka, sai ya turo maka saƙo, wai shi babba. Ka yi masa sallama yana gaba, ko waiwaye. In ya ga dama ya tsaya, sai ya kafe bakinka da ido, ya amsa da ƙarfi kamar mai neman faɗa. Duk wannan Mutawakkil ya haɗiye. Kallon ne ya tsaya masa a wuya.

Da an fara wasa, idon Mas'ud na kan Mardiya har a tashi. Ita kuma ga wannan shegen mafici, ta ɗaga, ta sauke, ta kwantar da shi a kafaɗa, shi ko gogan yana ta murɗe-murɗe a kan miksa don a ce aiki yake. Mutawakkil ya taɓa tambayarta, ta ce zafi take ji. Zafi, har ranar da aka sha ruwan sama kowa na rawar sanyi!

To yau a Kurfi ne, wunin bikin 'yar Hajiya Batula, mata sun cika rumfa maƙil. Mutawakkil ya riga ya yanke shawara: ba zai ɗauki mace zuciyarta na wurin mai janareto ba. Yau za a yi ta ta ƙare, ko auren ko Mas'ud.

Da aka dawo daga sallar la'asar ya tare Mardiya ya miƙa hannu.

"Ba ni abin nan."

"Don Allah Yaya Mutawakkil, ka bari a gama wasan, zan yi maka bayani."

"Ai kin daɗe kina bayani da shi."

Ya fizge maficin ya karya shi biyu. Sannan ya ja kujerarta ya kai bayan tulin sifiku, inda ko gyalenta ba a hangowa, ya ce daga nan za ta yi amshi.

Kiɗa ya tashi. Mutawakkil ya shiga cikin mata yana wasa uwar amarya, ana yi masa liƙi, amma da wutsiyar ido yana kallon abokin gabarsa. Ga shi nan kuwa, ya miƙe tsaye yana miƙa wuya, ya leƙa dama ya leƙa hagu, rana na dukan miksar a gabansa, ko kallonta ba ya yi. Zuciyar Mutawakkil ta yi ta tafasa, har bai san lokacin da ƙafa ta kai shi daf da gaban sifika da makirufo a hannu ba.

Wata ƙara mai tsinin tsiya ta tsaga wurin. Jarirai suka fashe da kuka, tsofaffi suka toshe kunnuwa suna salati, amarya ta cusa kai cikin mayafi. Abin da duk mai sauti zai kashe kafin ƙiftawar ido, sai ya yi ta tafiya. Mas'ud na nan tsaye, yana neman Mardiya.

Mutawakkil ya ratsa mata ya ci kwalarsa. Mardiya ta fito da gudu ta murɗa wani abu a kan miksa, ƙarar ta ɗauke. Wuri ya yi tsit.

"Munafuki! Jama'a na kuka kana neman matar da zan aura? Kai kurma ne?"

Mas'ud ya kalli bakinsa. Sai ya dubi Mardiya kamar mai roƙo.

Ta matso kusa, hawayen takaici na zubo mata, ta yi ƙasa da murya don kada kowa ya ji. Ta manta makirufo na hannun Mutawakkil, kuma ba a kashe shi ba. Sai sifikun Mas'ud suka ɗauki maganar, tas, suka watsa wa duk masu biki da masu shirin ɗaukarsa aiki:

"I, kurma ne, tun ranar Shema da ka ce a ƙara. Ya roƙe ni in rufa mashi asiri don kar ya rasa sana'a. Maficin nan da ka karya, da shi nake mashi alama ya ƙara ko ya rage, da shi yake ji."