Hannun Idrissa

"Jifa kuma sana'a ce?" Abin da Malam Moutari ke faɗa ke nan a shagonsa na unguwar Barbès duk lokacin da aka tambaye shi ɗansa Idrissa. "Wai besbol! Ƙato da gemu, a ba shi albashi don ya jefi mai sanda da ƙwallo. Mu a Maraɗi tsuntsaye muke jifa a gona, ba wanda ya tafa mana."

Shekara goma Idrissa na aiko masa da tikitocin kallo daga birnin Lyon, shi kuwa ko dubawa ba ya yi, sai sakace haƙori da su.

Bana Malam Moutari ya samu kujerar Makka, amma likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki turmutsutsun jifan Shaiɗan ba, sai ya wakilta wani. Ya shiga jirgin ƙasa sai Lyon, yana tsaki.

Yana zama a ɗakin Idrissa, ko gaisuwa bai bari ta ƙare ba. "To, sarkin jifa, yau shirmenka ya yi rana. Tare za mu tafi, ka jefa mini."

Idrissa ya zame rigarsa. Tabon ɗinki ya ratsa kafaɗarsa ta dama.

"Bara na bar wasa, Baba. Ko cokali da ƙyar nake kaiwa baki. Takardar ƙarshe da na aiko maka ba tikiti ba ce, sanarwar ranar da za a yi mini aiki ce."