Tokar da Ke Cikin Tulun Wake

Ka ce tun da aka watse daga bikin Ista ba ka ƙara jin Allah kusa da kai ba, sai ka ce masu ganga sun tafi da shi. To, saurari wannan.

A wani ƙauye an yi wani tsoho mai kula da coci. Shi ke shara, shi ke buga ƙararrawa, amma akwai aikin da ya fi ji da shi. Kowace shekara bayan Lahadin Dabino yakan tattara ganyen dabinon da aka sa wa albarka, ya ɗaure, ya adana a rufin coci, har shekara ta zagayo a ƙone shi, a sami tokar da ake shafa wa jama'a a goshi ran Larabar Toka, farkon azumi. Shekara goma sha tara bai taɓa kuskurewa ba. Wata shekara rufin coci ya soma yoyo, sai ya soke damin a rufin madafar matarsa. Bai gaya mata ko mene ne ba, don a ganinsa abin coci ba zancen madafa ba ne.

Ran Talata, jajibirin azumi, ya miƙa hannu ya laluba, sai igiya kawai. Matar ta ce ai tun cikin marka ta hura wuta da shi. Kwana tara ana ruwa, itace ya jiƙe, maƙwabciyarsu ta haihu tana bukatar ruwan zafi da kunun kanwa, ganyen nan kuwa shi kaɗai ne busasshe a gidan. Daga nan ta riƙa zara kaɗan-kaɗan: ranar gayya, ranar da motar wasu baƙi ta kafe a laka, har da makon da zazzaɓi ya kwantar da shi tsohon kansa. Tsohon ya zauna kan turmi. Gobe Fada, limamin coci, zai zo daga gari, mutum ɗari biyu za su jeru, shi kuwa kwanonsa na toka ba komai.

"Kin dafa kunu da abin Allah," in ji shi.

Ta ce, "To baban yara, da ka faɗa mini ma, sai in bar mai jego da ruwan sanyi?"

Ta jawo tulun da ta ajiye irin wake, wanda ta cuɗa da tokar murhu don kada ƙwari su ci, yadda uwarta ta koya mata. Tokar damina ce, ta ganyen na ciki, ta gauraye da ta kara da ta kirare. Ta ɗauko rariya ta tankaɗe, wake gefe, toka gefe.

Da safe tsohon bai ɓoye wa Fada komai ba, ya riga ya sa rai za a karɓe makullin coci daga hannunsa. Fada ya murza tokar a yatsu, ya tambayi abin da ganyen ya dafa. Tsohon ya faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, kansa a sunkuye. Fada ya ce, "Baba, tokar bara daga rufi ta sauko. Ta bana kuwa sai da ta zaga gari." Ya yi addu'a a kanta, ya fara da goshin tsohon.

Shi tsohon a zatonsa Allah na saukowa ne ran biki, sauran watanni kuwa yana can sama a ɗaure yana jira. Ashe duk damina yana cin tuwon da albarkar nan ta dafa, bai sani ba. Maƙwabta sun ce tun daga ranar, in ya zo shiga madafa yakan cire hula.

Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.