Jirgin da Ya Ƙi Nutsewa

Na sake danna rimot. Jirgin ya yi ƙugi, ya zagaya bahon wanka, amma ya ƙi nutsewa.

Ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa ne. A kwali na sayo shi, nake harhaɗawa idan na taso daga aiki. Shi kaɗai ke ɗauke mini hankali daga jinyar Baba, wanda mantuwa ta ci ƙarfinsa har ba ya gane ni. Na canza batir, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk a banza.

"Ka haƙura haka mana," in ji matata. "Dubi yadda idonka ya faɗa."

Na kife jirgin zan mayar da shi kwali. Sai na lura da ƙananan ramukan cikinsa, inda ruwa ke shiga ya ja shi ƙasa. Duk an toshe su da kakin kyandir, sumul.

Na tarar da Baba a ɗakinsa yana kankare kaki daga farcensa. Da can kafintan kwalekwale ne. Ya yafito ni, ya rage murya.

"Bawan Allah, jirgin nan na ɗana ne. Ya yi ƙoƙari, amma ya bar huda ko'ina. Na toshe masa, kada ya nutse da shi. Kar ka gaya masa, zai ji kunya."

Na zauna kusa da shi.

"Ba zai ji daga bakina ba, Baba."