Ranar da Masaƙi Ya Ci Wanzami a Dara

Tunda ka ce farkon abu ba ya da wani nauyi, saurari wannan misali. A wani gari an yi wani masaƙi mai son dara kamar ransa. Kullum bayan la'asar sai ya naɗe saƙarsa ya nufi gindin durumi, inda amininsa wanzami ke jiransa, ya riga ya haƙa gurabe talatin a ƙasa. Shekara tara suna bugawa, ko sau ɗaya bai taɓa cin wanzamin ba. Shi a ganinsa wasa ba ya farawa sai an gama jera 'ya'ya an shiga turawa, don haka yakan watsa tsakuwoyinsa goma sha biyu duk inda hannu ya kai, yana hira yana taunar goro. In wasa ya yi tsakiya sai ya tarar wannan tana lungu, waccan an toshe ta, babu ukun da za su haɗu a layi. Wanzami kuwa ya yi ta tsince su, 'yan kallo na shewa.

Ana nan sai aka ce wanzamin zai ƙaura birni wurin ɗansa, wasa ɗaya ya rage musu. Da safiyar ranar masaƙin yana wadari, wato jan zare tsakanin turaku kafin a soma saƙa, sai ya tsaya cak. Shi da bai taɓa barin zare ɗaya ya karkace a nan ba, don ya san a tsakiyar ƙyalle aibin zai fito, me ya sa yake yi wa jerin dara riƙon sakainar kashi? Da yamma ya zauna gindin durumi. Kowace tsakuwa sai ya auna inda za ta matsa nan gaba kafin ya ajiye ta. Ya kama guraben tsakiya, ya bar wa kansa hanya. Da aka soma turawa, motsi biyu kawai uku suka yi layi, ya ci. Ya ja ɗaya baya, ya mayar, ya sake ci, har 'ya'yan wanzami suka ƙare.

Wanzamin ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya tashi ya rungume shi yana cewa, “Wallahi aboki, tun a tsakuwarka ta biyar na san yau kashina ya bushe!” Ai dama Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.