Ɗaya da Ɗan Wani Abu

Tun da aka kafa dokar rufe duk gidan da mazaunansa ba su wuce mutum ɗaya ba, Gwaggo Delu take jiran ma'aikaciyar ƙidaya. Ranar Talata sai ga ta, Jummala, riƙe da na'urarta.

"Gwaggo, na'ura ta ce ke kaɗai ce. Gidan tsofaffi za a mai da ke."

"Na'urarki ba ta iya lissafi ba, 'yar nan."

Ta kwance bakin zane, ta fito da guntun tsinken tsintsiya.

"Wannan ɗana ne, Ɗanjuma. Ran da ya tafi ya zama rabin mutum a gidan nan. Duk shekarar da bai kira ba, sai in karya tsinken gida biyu, in yar da ɗaya. Yau shekara tara. Kin ga ya ƙare?"

"Da saura kaɗan."

"To, na wuce ɗaya."

Jummala ta shigar da bayanin. Na'ura ta ce, "An ɗaga sai baɗi."

Da ta tafi, Gwaggo ta zauna karya na bana. Farcenta ya kasa kama guntun don ƙanƙanta.