Ɗalibar Tarihin da Ba Ta Taɓa Riƙe Littafi Ba

Har Auta ta gama sakandare, ita ce ke zuwa ta ɗaya a darasin tarihi, kuma ba ta taɓa riƙe littafin tarihi a hannunta ba.

Ranar da malamin tarihi ya fara shiga ajinsu, ya jingina da tebur ya ce, "Kada wanda ya wahalar da iyayensa da sayen littafi. Ni ne littafinku. Ku dai ku kawo kunne."

Iyaye suka ji daɗi. Mahaifin Auta, wani tela mai shago a bakin titi, har cewa ya yi a gaishe masa da malamin. Shugaban makaranta ma bai ce uffan ba, tunda yara suna cin jarabawa.

Malamin kuwa ya iya labari. Idan yana bayanin yaƙi, sai ka rantse da shi aka gwabza. Ya kwaikwayi muryar wanda ya yi nasara, ya kwaikwayi gudun wanda aka kora, aji ya yi ta dariya. Idan jarabawa ta matso, sai ya cika allo da tambayoyi da amsoshinsu, ya ce a kwafa a haddace. Auta akwai kaifin hadda. Abin da ya shiga kunnenta ya zauna ke nan. A gida ma takan maimaita darasin tana wanke-wanke, har yayanta ya sa mata suna Rediyo.

Sau ɗaya ta taɓa tambaya, "Malam, a ina aka samo wannan labarin?"

Ya ce, "A bakina. Bai ishe ki ba?"

Aka fashe da dariya. Ba ta ƙara tambaya ba.

Da sakamako ya fito, ta samu gurbin karatun tarihi a jami'a. Tela ya ajiye ɗinkin mutane ya ɗinka mata kaya sababbi. Duk wanda ya zo awo sai ya ji labarin autarsa.

A makon farko, malamar da ke koyar da su ta ce, "Ku je laburare ku karanta abin da marubuta biyu suka ce kan dalilin faɗuwar daular da muka karanta yau. Ku rubuto mini wanda kuka fi gamsuwa da shi, da hujjarku."

Auta ta ɗaga hannu. "Malama, wace ce amsar daidai?"

"Ke za ki faɗa mini."

A laburare aka miƙo mata littafi mai kaurin bulo. Ba ta san akwai shafi a gaba da ke nuna inda kowane babi yake ba, sai ta faro daga farkon littafin tana ƙoƙarin haddacewa. Kafin ta yi nisa, kanta ya ɗau zafi. Ta ce bari ta rubuta muhimman abubuwa, sai ta ga ba ta iya bambance muhimmi da wanda ba shi ba, ta kama kwafe komai. Da ta buɗe littafi na biyu ta ga ya saɓa wa na farko, sai ta zaci kuskuren bugawa ne.

Abin da ta kwafa shi ta miƙa. Malamar ta kira ta ofis.

"Kin san wannan satar rubutu ce?"

"Wallahi Malama ban san sata ba ce. Mu haka muke yi."

Malamar ta dube ta jim kaɗan, ta jawo kujera, ta nuna mata yadda ake neman babi da yadda ake taƙaita shafi. Auta ta gode. Amma abin da sauran ɗalibai suka yi shekaru suna sabawa da shi ba zai samu a zama ɗaya ba, ga kowane darasi da nasa tulin littattafan. Idan an kira daga gida sai ta ce, "Karatu lafiya lau, Baba."

A jarabawa aka ce ta tattauna, ta kawo hujja. Ta zuba labaran malaminta na sakandare kamar yadda ta ji su, har da barkwancin. Ta faɗi. Aka ba ta damar maimaitawa, ta sake faɗuwa. Jami'a ta sallame ta.

Da ta shigo shago da akwatinta, tela ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Washegari ya rufe shago ya nufi sakandaren da Auta ta gama.

Malamin tarihi ya tarbe shi da fara'a. Da ya ji abin da ya faru, ya ce, "Ikon Allah! Amma ai a hannuna ta ci. Duk ajinsu sun ci."

Tela ya ce, "Na sani, Malam. Cikin waɗanda suka ci ɗin, su wa suka ɗore a inda suka je?"

Malamin bai taɓa bincikawa ba.

Yanzu Auta tana shagon mahaifinta tana saka maɓalli da guga. Idan tsofaffin ƙawayenta suka zo hutu, sai ta shige bayan labule har su wuce.

Iyaye da malamai, labarin malami komai daɗinsa a aji yake ƙarewa. Ku sa wa yaro littafi a hannu tun da wuri, ku koya masa ya nemo, ya auna, ya rubuta da kansa, domin ranar da zai zauna shi kaɗai da littafi tana nan tafe.